Bahagon Dole

Akwai wani tsohon mahauci a kasuwar Yankara da na shekara biyu ina sayen nama a teburinsa kafin in lura da hagu yake yanka. Ganin bahago a cikin rundawa ba abin mamaki ba ne, amma yankan wannan dattijo bai yi kama da na wanda aka haifa bahago ba. Wuƙar tana bin inda ya kamata, sai dai da ɗan jinkiri, irin na mutumin da ya koyi wani yare bayan ya girma: ba ya kuskure, amma kana ji ka san sai ya yi tunani yake furtawa. Hannun daman kuwa danne tsoka kawai yake yi. Ba ya tashi ya wuce ƙirji. In zai miƙo maka ƙunshinka da shi, sai ya karkato da kafaɗa da gangar jiki gaba ɗaya, kamar ana tura ƙyauren da ya cije.

Ran nan dai na kasa haƙuri. Na ce, "Baba, wai dama can kai bahago ne?"

Ya yi dariya har hularsa ta goce. Ya ce, "Bahagon dole dai, Malam. Wannan," ya nuna daman da bakin wuƙa, "na riga na cinye shi tun ina saurayi."

Kalmar ce ta tsaya mini. Da ya ce ciwo ya kama shi, ko sanyin ƙashi, da na yi masa sannu na karɓi namana na wuce. Amma cewa ya yi ya cinye, kamar manomin da yunwar bazara ta sa ya daka irin shuka ya tuƙa tuwo.

Ya naɗe hannun riga ya nuna mini. Daga wuyan hannu zuwa gwiwa tabon tsaga ne a jere, ƙanana ƙanana, inda aka riƙa yanka fata ana cusa magani. Gaɓoɓin bayan hannun sun baje, babu tudu babu kwari. Tsohon ɗan dambe ne.

Duk wanda ya tashi a wannan yanki, daga Faskari zuwa Ƙanƙara har Sabuwa, ya san dambe wasan mahauta ne tun asali, kuma wasan kaka ne. In an girbe dawa, an tsinci auduga, kuɗi sun shigo hannun talaka, sai ka ji kalangu ya tashi a bayan gari. 'Yan dambe kan bi kasuwa kasuwa, yau suna Sheme, jibi sun tsallaka Tsafe, tunda Yankara a kan hanyar Funtuwa zuwa Gusau take, ƙafa ɗaya a Katsina ɗaya na leƙen Zamfara. Daga ƙasar Zamfara ɗin ne Shago ya fito, wanda Ɗan Anace ya yi wa waƙar da har yau in aka sa ta a rediyo za ka ga tsofaffi sun gyara zama, ita ce mai labarin karonsa da Ɗandunawa. Dattijon nan bai yi da'awar ya kai sahunsu ba. Ya ce shi ɗan damben ƙauye ne, amma a ƙauyukan an san shi.

Ya kwatanta mini yadda ake ɗaura kara. A dunƙule hannu, a lulluɓe shi da ƙyalle, sannan a bi da igiya ana naɗawa ana ja, zagaye bayan zagaye, har sai abin ya zama kamar kan taɓarya. Shi ne mashi, ɗaya hannun da ake buɗewa a gaba kuma garkuwa. Ya ce in an ɗaure da kyau ba ka jin yatsunka. To a nan fa gizo ke saƙar, domin hannun da ba ya jin zafi ba ya faɗa maka lokacin da ya kamata ka tsaya.

Wata kaka, in ji shi, su biyu ne manya a ayarinsu, suna karɓa-karɓa: yau shi zai shiga da babban abokin karo, gobe ɗan'uwansa. Ana tsakiyar yawo ɗan'uwan ya samu saɓani da ubangidansu a kan rabon kuɗi, ya naɗe tabarmarsa ya tafi. Aka rasa yadda za a yi, ga garuruwa an riga an yi musu alkawari. Shi ya buɗe baki ya ce a bar masa. Kusan wata biyu yana shiga fage kullum. Da safe hannun kan kumbura ya kasa riƙe ludayin koko, sai a gasa masa da ruwan zafi, a mulke da kitse, da la'asar a ƙara tsananta ɗaurin kara. Ya yi kisa a wannan kakar fiye da duk wanda ya yi a sauran shekarunsa a haɗe. Ya sayi keke, ya yi aure. Bayan nan ya ƙara shekaru yana dambe, amma ya ce shi ya san mashin bai sake komawa yadda yake ba.

Na ce, "Baba, ubangidan naku bai ji tausayinka ba?"

Ya ce, "Kada ka ɗau alhakinsa. Ba wanda ya sa ni. Kalangu ne."

Ina tafe gida da wannan magana sai ta haɗu da wani labari da na karanta, na wata ƙasa mai nisa da wani wasa da ba ma yi a nan. Amurkawa suna da wasan da suke kira besbol. Mutum ɗaya ne ke tsayawa a tsakiyar fili ya jefo ƙwallo mai tauri, girman lemon zaƙi, nauyinta kamar giram 145, wani kuma yana tsaye da kulki yana jiran ya make ta ya ruga. Kowane wasa kashi tara ne, bari mu ara bakin 'yan dambe mu ce turmi tara. Wasu daga cikin sauran 'yan wasan suna iya yin rabin yini ƙwallo ba ta zo inda suke ba, amma majefi kowace ƙwallo daga hannunsa take fita. Mu da muka yi tsaron gero muna yara, muna wurga hoge da majajjawa daga hantsi har jan-baki su koma makwanci, mun san yadda kafaɗa ke yi da dare bayan yinin jifa. To a ce wannan ne abincin mutum.

Cikin mutanen farko da suka ci abinci da jifa akwai Charles Radbourn, wanda aka haifa a 1854, ya tashi a garin Bloomington na jihar Illinois. Abin da ya sa na yi murmushi da na ga tarihinsa shi ne, ɗan mahauta ne. Ubansa fawa yake yi, shi ma ya yi aikin mayanka kafin ya koma aikin jirgin ƙasa, sannan wasa ya ɗauke shi. Laƙabin da aka sa masa ma'anarsa tsohon doki, wato dabbar da kome aka ɗora mata za ta ja.

A shekarar 1884 yana wasa a ƙungiyar Providence Grays. A wancan zamani ƙungiya kan dogara da majefa biyu ne suna karɓa-karɓa, kuma abokin karɓarsa wani matashi ne mai zafin hannu, Charlie Sweeney. Ba sa ga-maciji da juna. A watan Yuli Sweeney ya yi rigima da shugabannin ƙungiya a tsakiyar wasa, ya fice daga fili, ya koma wata ƙungiya a St. Louis. Har an fara maganar a rufe ƙungiyar kowa ya kama gabansa. Radbourn, wanda shi kansa a lokacin an dakatar da shi saboda taurin kai, ya ce a bar masa. Sharaɗinsa biyu: a ƙara masa kuɗi, kuma in shekara ta ƙare a sake shi ya tafi inda yake so, domin a dokar wasan ta lokacin ƙungiya na iya riƙe ɗan wasa kamar an ɗaure akuya a turke.

Daga ƙarshen Yuli zuwa ƙarshen Satumba ƙungiyar ta yi wasa 43, shi ya yi jifa a 40, ya ci 36. A shekarar gaba ɗaya ya fara wasa 73 kuma duk ya kai su ƙarshe ba a canje shi ba, turmi 678 da ɗoriya. Wasannin da ya ci wasu littattafan sun ce 59, wasu 60, kuma ko wanne aka ɗauka babu wanda ya sake kai wa nan har yau, fiye da shekara ɗari da arba'in ke nan. A watan Oktoba suka kara da zakarun wata gasar daban, New York Metropolitans, wasa uku cikin kwana uku, shi ya yi jifa a duka ukun, ya cinye.

Wannan shi ne abin da ake rubutawa a allo. Abin da manajansa Frank Bancroft ya riƙa ba da labari daga baya shi ya fi kama da zancen teburin nama. Da safe Radbourn ba ya iya ɗaga hannu ya taje gashin kansa. Yakan riga kowa zuwa fili da sa'o'i, a gasa kafaɗar da tsumma mai zafi, ya fara wurga ƙwallo daga taku kaɗan, yana cije baki, yana ja da baya sannu sannu, har sai jifar ta iya ratsa fili. In abokan wasansa suka ga ta kai, sun san yau ma shi ne. Ruwan zafi da kitse a Yankara, tsumma mai zafi a Providence, kuma ba wanda ya taɓa jin labarin wani.

Da shekara ta ƙare aka cika masa alkawari, aka ce ga takardarka, tafi inda kake so. Ya ƙi tafiya, ya sake sa hannu a ƙungiyar. Ita kuwa ƙungiyar da ya ba wa kafaɗarsa shekara ɗaya tak ta ƙara a duniya, a ƙarshen 1885 ta watse saboda 'yan kallo ba sa zuwa. Ya koma Boston, ya ƙare a Cincinnati a 1891, yana cin wasa daidai gwargwado, har jimillarsu ta haura 300, amma bai sake kusantar abin da ya yi a 1884 ba. Ya koma Bloomington ya buɗe mashaya. Bindiga ta tashi a wurin farauta ta ɗauke masa ido ɗaya, ciwo ya kwantar da shi, ya riƙa ɓuya a ƙuryar ɗaki ba ya son a gan shi. Ya mutu a 1897 yana da shekara 42.

Da na koma kasuwa na kwashe labarin nan na faɗa wa Baba, ina tsammanin zai yi mamaki. Ko gezau. Ya ci gaba da sara ƙashi, sannan ya ce ai wannan labarin shanun huɗa ne. Ya ce duk manomin da ya taɓa ɗaura karkiya ya san a cikin bijimai biyu da wuya ƙarfin zuciyarsu ya zo ɗaya. Akwai mai noƙewa, akwai mai ja. Kuma mai riƙe da garma, ba don mugunta ba, in ya ga rana na yi kunya ba ta ƙare ba, mai jan yake yi wa tsawa, domin shi ne in an yi masa magana yake ƙarawa. Malalacin ya gama damina da tozonsa a tsaye, mai zuciyar ya gama da gyambo a wuya. Ya ce su mahauta in an kawo musu tsohon sa, tun kafin a fiɗe, da sun shafa wuyansa sun san wane ne a cikin biyun. Ya ƙara da cewa a 'yan shekarun nan da ɓarayin daji suka kwashe shanun mutane a ƙasar Faskari da Sabuwa, ya ga wanda aka bar masa sa ɗaya, ya ɗaura masa garma shi kaɗai. Bai faɗi yadda san ya ƙare ba, ya dai nuna teburinsa da haɓa.

Mun saba cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, muna faɗinta kamar magana ce a kan abin da ba zai yiwu ba. Ni abin da na gani shi ne yana ɗauka. Sau da yawa ma yana ɗauka, ya kai ta har kan ɗaki, jama'a su yi tafi. Abin da karin maganar ba ta faɗa ba shi ne yadda hannun ke kwana. Kuma da zarar ya ɗauka sau ɗaya, shi ke nan an gano, gobe ba wanda zai miƙe ya kama masa. Kusan kowane gida a nan yana da irin wannan hannu. Wani ɗa ne guda da ke acaɓa a Abuja ko Legas, wanda duk wayar da za a buga masa ta kuɗi ce, tun daga taki har kuɗin fansa, Allah ya kiyaye. Wata matar ƙane ce da ba ta iya cewa a'a ba, sai ya zama kowane biki ita ce a bakin murhu tun asuba. Ba a ƙin su, su ne ma aka fi yabo. Yabon ne nake tuhuma. Kirari shi ne lada mafi araha ga mai bayarwa, kuma ɗaurin kara ne: yana sa mutum ya daina jin yatsunsa.

Sai dai kada in cika baki, domin akwai wani majefin da labarinsa ke ɓata mini lissafi. Cy Young ɗan manoma ne daga ƙauyen Gilmore a jihar Ohio, an haife shi a 1867. Shi ya iya tattali. Ba ya ɓata jifa wajen motsa jiki kafin wasa sai kaɗan, ba ya neman burge kowa da kowace ƙwallo, in sanyi ya shigo kuma ya koma gona ya yi ta faskare da gatari. Ya yi wasa daga 1890 har 1911, ya ci wasa 511, adadin da ba wanda ya ko matso kusa da shi. To amma tattalin hannu bai hana shi ganin tasku ba. Bayan matarsa ta rasu a 1933 ya rabu da gonarsa, ya ƙare a gidan abokai yana 'yan aikace-aikace, har ya mutu a 1955 yana da shekara 88. Shekara ɗaya bayan mutuwarsa aka ƙirƙiro kyautar gwarzon majefi aka sa mata sunansa. Saboda haka ba zan ce wanda ya adana hannunsa ya tsira ba. Abin da zan iya cewa kawai, shi ya kai tsufa yana iya sa hularsa da kansa.

Amurkawan dai daga baya sun koyi ƙirga. Yau babban majefi in ya yi wasa ɗaya sai ya huta kwana huɗu, akwai mai zama da na'ura yana lissafa kowace jifa, in ta doshi ɗari a zo a karɓe ƙwallon ko yana so ko ba ya so. Wanda ya yi turmi 200 a shekara ana ce masa jarumi, bai kai sulusin na Radbourn ba. Ba tausayi ne ya kawo wannan ba, kuɗi ne: hannun da aka saya da miliyoyin daloli ba a barin sa ya lalace a kaka ɗaya. Duk da haka jijiyar gwiwar hannu na ci gaba da tsinkewa, har akwai aikin tiyata da ake kira da sunan ɗan wasan da aka fara yi wa, Tommy John, wanda a 1974 likita Frank Jobe ya ciro jijiya daga hannunsa na dama ya dasa masa a gwiwar hagu, ya koma fili ya yi wasa har 1989.

Namu damben kuwa ya bi hanyar da ta saɓa. A da kaka ce ke buɗe fage, damina ta rufe shi, ko ba ka so sai ka koma gona ko teburin fawa hannu ya huce. Yanayi ne ke yi mana ƙirgar. Yanzu akwai gidajen dambe na dindindin a Kano da gefen Abuja da sauran birane, ana shiga da tikiti, ana sa babur da mota a gasa, ana ɗauka da waya a watsa a Facebook da YouTube mutanen ƙasashen da ba su san Hausa ba suna kallo. Na yi murna da yaran suna samu, sana'a ce, kuma ta fi zaman banza nesa ba kusa ba. Amma fagen da ba ya rufuwa ba shi da damina. Ban taɓa ganin wanda ke zaune a gefen fage da takarda yana rubuta sau nawa wannan yaro ya shiga a wannan wata ba, balle ya ce masa yau kwance kararka ka zauna. Makaɗi ba zai faɗa ba, mai gida ba zai faɗa ba, 'yan kallo kuwa su suka biya. Yaron da kansa shi ne na ƙarshen da zai faɗa, domin sunansa ake kira.

Na tambayi Baba ko da za a mayar da shi waccan kakar zai sake cewa a bar masa. Ya daɗe bai amsa ba, yana kankare teburi da bayan wuƙa. Can ya ce matar da ya aura da kuɗin tana nan, ita ce uwar 'ya'yansa bakwai, keken kuwa ko ƙarfensa bai san inda yake ba. Ya ce akwai wani dare a wani ƙauye bayan Tsafe da aka ɗaga shi sama aka zagaya gari da shi, har yau in ya rufe ido yana jin ƙurar a hancinsa. Sannan ya ce shekara talatin ke nan bai ɗaga hannu biyu daidai ya yi kabbara ba, na daman a ƙirji yake tsayawa, yana fatan Allah ya karɓa a haka.

Muna cikin haka wani jikansa, yaro ɗan shekara goma sha biyu da ke taya shi kore ƙuda, ya hango kare na shinshinar kwandon ƙashi. Ya sunkuya ya ɗau dutse, daga inda yake ya sake shi, taku ashirin ko fi, ya samu karen a cinya. Mahautan da ke kusa suka ɗau shewa, wani ya ce kai, wannan hannun gado ne, jinin wane ba ya ɓuya. Yaron ya washe baki yana murza kafaɗa, ya duƙa neman wani dutsen ko da karen zai dawo.

Baba bai ce uffan ba. Ya naɗe mini namana a takarda da hagu, ya karkato da kafaɗa ya miƙo, ya ce, "Dubu biyu ne, Malam. Na sa maka gyara."